Jinjirin wata, zazzaɓinsa da matarsa Zara

Wata malamar firamare ta rubuto cewa 'yan aji uku sun tsare ta da tambaya: don me ake cewa "jinjirin wata", haihuwarsa ake yi? In kuma an ce "wata ya tsaya", da can gudu yake yi?

Malama, yaran nan sun kyauta. Jinjiri shi ne jaririn da bai daɗe da zuwa duniya ba. Bahaushe ya ga siririn wata a yamma bayan magariba, ko jimawa bai yi ba ya faɗi, gobe ya ɗan ƙara kauri, jibi ya ƙara, sai ya ba shi sunan abin da ke girma a hannu. "Tsayuwa" kuwa a nan bayyana ce da tabbata, wato an gan shi, lissafi ya kama. Shi ya sa a Najeriya ake kasa kunne ga sanarwar Sarkin Musulmi kafin azumi da sallah.

Sai dai ki faɗa musu jikin wata ba ya girma, ba ya ramewa. Dunƙulallen dutse ne mai nisan kusan kilomita 384,000 daga gare mu, kuma hasken da yake yi na rana ne. Kullum rabinsa a haske yake, rabi a duhu. Da yake yana zagaya duniya, yawan abin da muke hangowa daga gefen mai haske shi ke canzawa. Ki rufe tagogin aji, ki kunna tocila a gefe guda, ki ba yaro lemo ya riƙe a gabansa, ya ɗaga shi sama da kansa kaɗan, ya juya a hankali inda yake tsaye. Zai ga hasken ya fara siriri a jikin lemon, ya kai rabi, ya cika, ya koma baya. Daga jinjiri zuwa jinjiri kwana 29 da rabi ne, abin da ya sa wani watan ke yin 29, wani 30. Goma sha biyunsu kwana 354 ne, shi ya sa azumi ke matsowa da kamar kwana 11 duk shekara.

Na fi so ma ki sa su leƙa sama da kansu bayan magariba har mako biyu, su zana abin da suka gani. Za su lura kullum yana matsawa gabas, har daren goma sha huɗu ya ɓullo daga gabas a cike daidai faɗuwar rana. Wannan ne farin wata sha kallo, kirarin da ake yi wa mutumin da in ya fito ido ba ya barinsa.

Wani mahaifi kuma ya tambaya ko ya hana 'ya'yansa cewa "wata ya yi zazzaɓi". Ban ga dalilin hani ba. Kalmar ta kama yadda yake dushewa ya yi jajir kamar marar lafiya, husufi kuwa aro ne daga Larabci. Su riƙe duka biyun, amma su san duniya ce ta shiga tsakaninsa da rana, inuwarta ta faɗa masa. Don haka ba ya faruwa sai wata ya cika, kuma bugun gwangwani ba shi ke sake shi ba. Na ranar 27 ga Yuli, 2018, wanda aka gani a ƙasar Hausa, ya kai awa ɗaya da minti 43 cikin cikakkiyar inuwa.

Mahaifin ya ƙara da "Zara matar wata". Zara ita ce mai ƙyallin nan da ake gani a yamma, kuma ita ɗin ce Gamzaki idan ta koma fitowa da asuba. Duniya ce mai zagaya rana kamar tamu, ko a kusancinta ta ninka nisan wata fiye da sau ɗari. A idonmu ba ta yin nisa da rana, shi ma wata yana siriri ne lokacin da yake wajejen rana, sai su haɗu a kusurwa guda. Mutanen da suka ga haka sau da yawa suka ɗaura musu aure. Yaro zai iya jiran jinjiri mai zuwa ya duba ko amaryar tana kusa.