Amsa a kan kiwon salwa: inda asara take zuba da yadda nake tare ta

Assalamu alaikum. 'Yar uwa, na karanta tambayarki. Kin ce kina da salwa kusan arba'in a gida, abinci yana ƙarewa kamar ana sata, maza sun yi yawa suna fasa wa juna kai, kuma in an yanka sai ki ga rabin tsuntsun ya tafi bola. Duk na sha wannan. Shekarata shida ina kiwonsu a ƙauyenmu nan kusa da Kura, don haka bari in faɗa miki abin da hannuna ya taɓa.

Ki fara da mazubin abinci, don a nan kuɗinki yake zubewa tun kafin a zo maganar wuƙa. Babbar salwa ba ta cin fiye da giram 25 zuwa 30 a rana. Ke nan arba'in ɗinki kilo ɗaya da ɗan ɗori ya ishe su, buhu mai kilo 25 ya kamata ya kai ki mako uku. In yana ƙarewa a mako biyu, sauran yana ƙasa. Salwa tana da watsi da baki, in kika zuba mata a faranti sai ta shiga ciki tana tono. Ni bututun roba na samu, na huda ramuka daidai shigar kai, kuma ba na cika shi fiye da rabi. A ƙasa na sa tsohon faifai, abin da ya zubo in kwashe wa kaji da yamma. Ki kuma duba ɓera, da dare shi ne abokin cinsu.

Sai maza. Irin da muke kiwo salwar Japan ce, wadda ta yaɗu a ƙasar nan daga cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato, kuma tana saurin girma. Tun tana mako uku zuwa huɗu ƙirji yake nuna jinsi: na mace ɗige-ɗige, na namiji ja-ja kamar ƙasa babu zane. In sun kai mako shida, ki ɗan matsa ƙasan wutsiya, namiji zai fitar da farin kumfa. Idan ƙwan ci kawai kike so, ba kya buƙatar namiji ko ɗaya, macen za ta yi ƙwanta. Idan na ƙyanƙyasa ne, namiji ɗaya ya ishi mata huɗu. Ragowar a yanka su tsakanin mako shida da takwas, domin daga nan girma ya tsaya, sai ci da faɗa. A shekarata ta farko tausayi ya sa na riƙe maza goma sha tara har wata uku. Sun cinye abinci, sun tsige wa matan gashin kai, ƙwai ya ja baya, kuma ranar yanka nauyinsu bai ƙaru da komai ba. Har yau abin yana yi min ciwo.

Ranar yanka muna tara goma ko fiye, don aikin ɗaya ko biyu ɓata itace ne. Maigida ya yanka, ni da yara mu fige. Kada ki tsoma su a tafasasshen ruwa, fatar siririya ce, sai ta saɓule. Ruwan ya yi zafi dai, ki tsoma ki cire da sauri. Wasu feɗe fatar suke yi gaba ɗaya don sauƙi, ni ban yarda da haka ba, don ɗan kitsen da ke sa ta daɗi a gashi yana jikin fatar nan. Da almakashi nake tsaga ta ta baya, in buɗe ta kamar littafi, kayan ciki su fito ba tare da sun fashe ba.

Ƙundu da hanta da zuciya na tsuntsu ɗaya ba komai ba ne, amma na goma sun cika ƙaramin kwano. A cire matsarmama a hankali, a fasa ƙundu a wanke, a soya da albasa da attaruhu. A gidanmu wannan na wanda ya taya figa ne. Kai da wuya da ƙafafu da ƙashin bayan da almakashi ya cire kuwa, tukunya ɗaya nake haɗa su, wuta kaɗan-kaɗan da citta da kanumfari da daddawa, in tace. Romon nan in ya shiga miyar kuka ko faten tsaki ba kya neman wani nama. Tsofaffin matan salwa da suka haura shekara, ƙwansu ya ragu, namansu da tauri, ba sa daɗin gashi. Su nake yi wa dambun nama, yana kuma daɗewa ba tare da firji ba in an soya shi ya bushe sosai.

Hanji da jini da gashi suna tafiya ramin taki, in zuba toka in rufe da ƙasa saboda ƙuda da karnuka. Amma wadda ta mutu da kanta ba ta shiga ramin nan, ba kuma a jefa wa kaji ko mage. A haƙa rami mai zurfi can nesa a binne. Waɗanda suka ga murar tsuntsaye a Kano a 2006 ba sa wasa da wannan.

Kashin salwa shi ne abin da na fi jin takaicin ganin ana sharewa. Nan Kura ɓuntun shinkafa ba ya wahala, shi nake shimfiɗawa ƙarƙashin keji, duk kwana uku in kwashe. Kashin yana da zafi ƙwarai, na taɓa zuba shi ɗanye a rainon tumatir, kafin mako duk ya ƙone. Yanzu tara shi nake yi, in yayyafa ruwa, in juya lokaci-lokaci, sai ya yi wata biyu zuwa uku ya koma baƙi babu wari. Alayyahu da albasar da ke bayan gidana da shi suke rayuwa, zogalen da ya ci takin kuma ganyensa yana komawa bakin salwar.

Ƙwai, ki kwashe kullum da yamma, don salwa ta fi yin ƙwai bayan la'asar. Wanda ya tsage a ci ranar. Da bazara a tukunyar ƙasa nake ajiyewa a inuwa, kuma na ƙyanƙyasa ba ya wuce kwana bakwai kafin ya shiga inji, inda zai yi kwana 17 zuwa 18. Wajen kwana goma ki haska da tocila, wanda babu ɗa a ciki ki cire, ki dafa wa kaji. Ɓawon ma ba na zubarwa: in shanya, in ɗan gasa a kasko, in daka ya yi laushi, in barbaɗa a abincin masu ƙwai, sai ɓawon sabon ƙwai ya yi ƙwari. Ki tabbata kin daka sosai, in suka gane kamanninsa za su fara fasa nasu.

Ki fara ware mazan nan a wannan makon, ki gyara mazubin, sannan ki rubuta ranar da kika buɗe sabon buhu. In ya ƙare ki faɗa min kwana nawa ya yi, sai mu ga ko akwai sauran inda yake zuba. Allah ya sa albarka.