Ina shirin gudun famfalaki, ƴata ba ta barina barci: in ci gaba da shan tramol?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Likita. Ni malamin makaranta ne a nan Maraɗi, shekarata 34. Na saba gudun kilomita 21, yanzu ina shirin cikakken famfalaki na Legas a watan Fabrairu. Ƴarmu mai wata 16 tana haƙori, ba ta barin kowa ya runtsa. Bayan sallar asuba nake fita gudu da barcin awa huɗu ko biyar, ƙafafuna sun yi nauyi, ƙwaurina na dama kuma sati uku ke nan yana ciwo. Wani abokin guduna ya ba ni tramol, ya ce rabin ƙwaya kafin dogon gudu tana kashe gajiya, kowa ma haka yake yi. Na sha sau biyu, kuma gaskiya na ji daɗin gudun. Ga uwar yarinya ta fara ƙorafin na bar ta da wahala. Ina tsoron shirin ya lalace, ina kuma tsoron ƙwayar. Yaya zan yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya yarinya, ya sa haƙoran su fito lafiya. Tsoron da kake yi wa ƙwayar nan yana kan hanya, kuma a kanta zan daɗe, domin sauran abubuwan da ka lissafa ba su da wuyar gyara.

Tunda ka saba da kilomita 21, ba sai na koya maka tsarin sati-sati ba. Mai ƙaramin yaro a ɗaki dai ba ya bin jadawalin da aka rubuta wa ɗan wasan da ba shi da aiki sai gudu da barci. Fita uku a sati ta isa ta kai ka ƙarshen kilomita 42.195, muddin ɗaya daga ciki dogon gudu ne da ke ƙaruwa a hankali har kilomita 30 ko 32, sannan ka sassauta a sati biyu zuwa uku na ƙarshe. Duk daren da yarinya ta hana ka barci, washegari ka mayar da gudun sauri sassarfa, ko ka haƙura da shi. A cikin barci ne tsoka take gyara ɓarnar da gudu ya yi mata. Baligi yana buƙatar awa bakwai, kai kana kan huɗu ko biyar kana ta ƙara kilomita, to ina abin mamaki don ƙafa ta yi nauyi? Ka nemi ƙailula bayan azahar, ko ta minti 30 ce. In yarinya ta shafa maka mura har da zazzaɓi, babu gudu sai zazzaɓin ya tafi, don wahalar da jiki cikin zazzaɓi na iya taɓa zuciya.

Maiɗakinka kuwa tana da gaskiya. Kai ne ka zaɓi famfalaki, ita ba ta zaɓi kwana zaune ba. Ku raba dare: ka ɗauki yarinya daga bayan isha'i zuwa tsakar dare a ranakun da ba ka da gudu da safe, ita kuma ta bar maka daren jajibirin dogon gudu. Ranar da ka dawo daga kilomita 28 kada ka baje a tabarma kana jiran a kawo maka fura, ka yi wanka ka karɓi ƴarka. Na ga shiri da yawa ya watse saboda rikicin cikin gida tun kafin gwiwa ta ce komai.

To, mu zo kan tramol.

Kusan kullum sai an zo mini da wannan magana, daga ƴan kabu-kabu, da ƴan dako a kasuwa, da masu aikin gona, da matasan da ke koyon kokowa, yanzu har da malamin makaranta: wai tramol tana ba da ƙarfi. Babu ƙarfin da take bayarwa ko na ƙwayar gero. Tramol, wato tramadol, dangin mofin ce, maganin ciwo mai tsanani da ake rubuta wa wanda aka yi wa tiyata ko wanda ya karye. Aikinta a ƙwaƙwalwa yake, ta hana saƙon ciwo isa inda za ka ji shi. Tsokarka tana nan da gajiyarta, ƙashinka yana nan da rauninsa, ruwan jikinka yana ta ƙarewa, kai ne dai aka hana ka labari. Ciwo maigadin jiki ne, ita kuwa ƙwayar nan ɗaure bakin maigadi take yi, ɓarawo ya shiga ya yi abin da ya ga dama. Daɗin gudun da ka ce ka ji, shi ke nan.

Duba ƙwaurinka. Ciwon sati uku a ƙafa ɗaya, ga mutumin da ya ƙara kilomita kuma ba ya barci, abu na farko da nake tsoro shi ne ƙashin ya fara tsagewa saboda yawan duka. Ka danna yatsa a kan ƙashin: in ciwon wuri ɗaya yake, ka iya nuna shi da kan yatsa, ko ka kasa yin ɗan tsalle a kan ƙafar ita kaɗai, to ka daina gudu yau, ka je a duba ka. Ka kuma sani hoton ƙashi sau da yawa ba ya nuna irin wannan tsaga a makonnin farko, don haka kada wani ya ɗaga hoto sama ya ce maka ba komai, ka koma titi. Tsagar da hutun sati shida zuwa takwas zai warkar, in ka bi ta da tramol kana taka ta kilomita 25, tana iya zama cikakkiyar karaya. A lokacin ba Legas kaɗai ka rasa ba, har aji sai da sanda. Kafin a duba ka, tuƙa keke ya ishe ka motsa jiki don kada ƙarfin numfashinka ya ragu.

Abokinka ya ce rabin ƙwaya. Rabin wace? Kafson da likita ke rubutawa miligiram 50 ne, kuma ko majinyaci ba a wuce masa miligiram 400 a yini. Waɗanda ake tallarsu a faranti da bayan keke, suna shan rana tun safe, akwai masu ɗauke da 120, da 200, da 225, har 250, kuma babu mai iya rantse maka cewa abin da aka buga a kwali shi ne a ciki. Rabin mai 225 ya fi kafso biyu na asibiti. Tramadol kuma an san ta da tayar da farfaɗiya ga wanda bai taɓa yi ba, rashin barci ma yana tayar da ita, kai kuwa ka haɗa biyun ka fita kan kwalta da duhun asuba, tireloli na wucewa. In ka faɗi a hanyar Tibiri kana shure-shure, mutanen da za su taru iskoki za su ce, a tafi neman mai ruƙiyya, babu wanda zai duba aljihun wandonka.

Sai zancen "kowa haka yake yi". Wane kowa? Hukumar tseren keke ta duniya ta haramta tramadol a gasa tun 2019, kuma a 2022 aka soke sakamakon Nairo Quintana na Kolombiya a gasar tseren keke ta Tour de France a kanta, bayan ya zo na shida. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, ta sa ta cikin haramtattun abubuwa a lokacin gasa daga 1 ga Janairun 2024. Mutanen da ke da likitoci suna bin su a mota an hana su, sai kai da ba ka da kowa a bayanka sai almajirin da ke bara a bakin hanya?

Kada kuma ka bar tramol ka koma wa magungunan ciwo irin su diklofenak ko ibuprofen kafin dogon gudu, don na san nan ake zuwa. Waɗannan suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, gudu da zufa ma suna rage shi. A nan iskar hunturu tana busar da zufa kafin ka gan ta, sai ka ɗauka ba ka rasa ruwa ba. Legas kuma a Fabrairu zafi ne mai ɗanshi, zufa ba ta bushewa, jiki ba ya hucewa da wuri. Ka koyi shan ruwa kaɗan-kaɗan cikin gudu tun yanzu, da ɗan ruwan gishiri da sukari da dabino a dogon gudu. In fitsarinka ya koma kalar shayi bayan gudu, asibiti za ka, ba wajen mai faranti ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka ma ba ƙafarka ba ce. Kana da yarinya mai wata 16, shekarun da komai ta tsinta baki take kaiwa, kuma ka shigo da tramol gida. Rabin da ka rage ina ka ajiye shi? A aljihu? A kan taga? Ƙarƙashin katifa, inda hannunta ya fi naka saurin zuwa? Maganin nan hukumar magunguna ta Amurka ta hana a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 12 tun 2017, domin yana danne numfashi. Yaron da ya haɗiye shi barci yake yi mai nauyi, iyaye su yi ta hamdala yau an samu ya kwanta, alhali numfashinsa ne ke raguwa. In haka ta taɓa faruwa, Allah ya kiyaye, kada a tsaya ɗura mata madara ko manja, kada a sa mata yatsa a maƙogwaro. A ɗauke ta a ruga asibiti da kwalin a hannu, akwai allurar da ke karya dafin in an zo da wuri. Uwa mai shayarwa ma kada ta taɓa shi don ciwon baya, yana bi ta nono.

In za ka nemi takardar shaidar lafiya kafin gasa, to ka nemi ta gaske. Akwai inda za ka miƙa kuɗi a buga maka hatimi ba tare da an auna hawan jininka ko an saurari ƙirjinka ba, kuma wannan ɗabi'a tana ƙona mini rai. Ka zauna a auna ka, a duba ƙafar, ka faɗa wa likitan ka sha tramol, ba zai kai ka ƙara ba.

Ka ce sau biyu ka sha. In haka ne, ka fitar da sauran daga gidan yau, ka kai wa mai farmasi ya zubar, babu abin da zai same ka. In kuwa biyun nan na kunya ne, kana sha kullum har in ba ka sha ba sai zufa da ciwon gaɓoɓi da zawo da rashin sukuni, kada ka yanke rana ɗaya kai kaɗai, ka zo a rage maka a hankali. Abokin naka kuma ka gaya masa ya ji tsoron Allah, ya daina rubuta wa mutane magani a bakin titi, in da hali ka jawo shi ku zo tare.