Mura ta kwantar da ɗana: ko garkuwar jikinsa ce ta lalace?

Tambaya: Likita, ɗana shekarunsa 19, lafiyayye ne. Da shigowar hunturu mura ta kwantar da shi da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, a asibiti aka ce infuluwenza ce. Mai kemis ya yi masa allurar dekisa, ya ɗan warware, yanzu kuma tari ya sauka ƙirji. Ko garkuwar jikinsa ce ta lalace? Wallahi ko barci ba na yi. (Wata uwa daga Ƙofar Ƙaura, Katsina)

Amsa: Hajiya, ƙato ma infuluwenza tana kayar da shi, ba sai garkuwarsa ta lalace ba. Idan bairos ya shiga hanci da maƙogwaro, ƙwayoyin jiki kan saki sinadarin intaferon don su ankarar da maƙwabtansu. Shi kuwa wannan bairos yana da wani furotin mai suna NS1 da ke hana RIG-I, wato na'urar cikin ƙwayoyin jiki da ke gano shi, yin aikinta. Ɓarawo ne da ke fara toshe bakin mai gadi. Wani furotin nasa, PA-X, lalata saƙonnin ƙwayar jiki yake yi, wani furotin kuma mai suna nuraminides ya yanka masa hanya ta cikin majina. Kafin jiki ya farga, wajen kwana 2, ya riga ya hayayyafa.

Allurar nan ce ta tayar mini da hankali. Kullum sai an kawo mana irin wannan, na gaji da faɗa. Dekisa, wato dekisametason, danne garkuwar jiki take yi. Zazzaɓin da ya sauka ba warkewa ba ce, jikin ne aka hana shi yaƙi, ga shi dama bairos ya riga ya raunana shi. Mutum ya miƙe ya ce mai kemis ya fi likita, alhali an buɗe wa bakteriya ƙofar huhu. Yawancin waɗanda annobar infuluwenza ta 1918 ta kashe, ciwon huhun da ya biyo baya ne ya ƙarasa su. Wa ya ba mai kanti izinin tsira wa ɗan mutane wannan allura ba tare da ya saurari ƙirjinsa ba? Likita ma ba ya ba da ita don mura, sai da wani dalili irin su asma. Ku ji tsoron Allah, rai ne fa!

Ki mayar da shi asibiti yau, Hajiya, ki faɗa musu allurar da aka yi masa da ranar da aka yi ta. In numfashinsa ya yi sauri ko ya fara sambatu, ko da tsakar dare ne ku tafi.