Dalilin da ya sa Amurka take biyan mai gona don ya daina nome ta

Malam, ka tambaya ko da gaske ne gwamnatin Amurka tana biyan manomi kuɗi don ya bar gonarsa ba shuka. Gaskiya ne, kuma shirin da ake kira CRP (Conservation Reserve Program), wato shirin kare ƙasar noma daga zaizaya, ya samo asali ne daga dokar noma ta 1985, Ma'aikatar Noma ta ƙasar ce take gudanar da shi.

Mai gona yakan sa hannu a yarjejeniyar shekara 10 zuwa 15, ya janye filin da ruwa ko iska ke saurin zaizayewa daga noman hatsi, ya shuka ciyawa ko bishiyoyi a kansa. A madadin haka ana biyansa kuɗin haya duk shekara, gwargwadon ƙarfin ƙasar da farashin hayar gona a yankinsa, sannan gwamnati takan ɗauki har rabin kuɗin shukar. Filin yana nan mallakarsa, amma idan ya karya alkawari kafin wa'adi, sai ya mayar da abin da ya karɓa har da kuɗin ruwa.

A shekarar 2007 filayen da ke cikin shirin sun haura eka miliyan 36, daga baya suka ragu, domin da hatsi ya yi tsada manoma da yawa sun ga noma ya fi musu riba. A ganina nan ne raunin shirin yake, tunda ciyawar da ta yi shekara goma tana riƙe ƙasa, garma za ta iya tuge ta cikin damina ɗaya da zarar yarjejeniya ta ƙare.