Amsa ga ɗan'uwan da ke neman tanti marar nauyi na mutum ɗaya

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, sau biyu na karanta tambayarka kafin in fara rubutu, domin halin da ka bayyana shi ne ainihin wanda na shiga shekaru huɗu da suka wuce. Ka ce kai kaɗai kake tafiya a ƙafa, kwana uku zuwa huɗu, tsohon tantinka na mutum biyu ya kusa kilo 3 kuma kafaɗunka sun gaji da shi, ga shi ka ga wani mai rufi ɗaya da aka rubuta giram 900 a tallansa, kana tambaya ko ka saya. Ni ma lambar nauyin kaɗai na kalla a lokacin, kuma abin da ya biyo baya ne ya sa ba zan iya wuce tambayarka in yi shiru ba.

Wanda ya sayar mini da nawa rantsuwa ya yi cewa bai kai kilo ɗaya ba, kuma ko kwana aka yi ana ruwa ɗigo ɗaya ba zai taɓa ni ba. Da na ɗora shi a sikeli da jakarsa da komai, sai na ga giram 1,400. Ashe nauyin ƙyallen ne tsurarsa ya faɗa mini, ba sanduna, ba turaku, ba igiyoyi. Kamfanonin kirki ma sukan rubuta nauyi iri biyu. Akwai mafi ƙarancin nauyi, wanda ya ƙunshi jikin tantin da rufin sama da sanduna kawai, akwai kuma nauyin ƙunshin gaba ɗaya, wanda aka haɗa da turaku da igiyoyi da jakunkuna. Na biyun ne zai hau bayanka, don haka shi za ka tambaya. Su dai kamfanonin suna faɗin abin da suka auna da abin da suka bari, shi kuwa wannan mutumin ɓoye mini ya yi, kuma ya san abin da yake yi.

Na haƙura da zancen nauyin, na ce tunda na riga na biya bari in gwada shi. Daren farko sama garau, na yi barcina lafiya. Dare na biyu na iso wurin zango a gajiye bayan faɗuwar rana, na kafa shi a wani ɗan kwari kusa da ƙorama saboda ƙasar wurin ta fi laushi, kuma wannan kuskurena ne, ba na ɗora wa kowa shi. Wajen ƙarfe ɗaya na dare iska ta taso, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ɗigo mai sanyi a goshina ne ya tashe ni. Na kunna tocila na haska sama, sai na ga ruwa ya jera ƙwaya-ƙwaya a kan layin ɗinkin da ya ratsa tsakiyar rufin, kowace ƙwaya tana kumbura a ramin allura har ta yi nauyi ta faɗo. Ba a liƙe ɗinkin da komai ba. Na durƙusa in jawo jakata, sai na ji gwiwoyina sun jiƙe sharkaf, domin duk inda na danna da nauyina ruwan ƙasa ratso shimfiɗar yake yi. Ina cikin wannan hali sai na ji ƙas, sandar da ke ta wajen kaina ta karye. Ta faiba ce, wato roba mai zaren gilashi, kuma ita ba ta lanƙwashewa kamar ta alminiyam, tsagewa take yi tsinke-tsinke, bakinta ya huda rufin ya keta shi kusan tsawon kamu ɗaya.

Daga nan har gari ya waye a zaune nake, hannu ɗaya riƙe da karyayyar sandar don kada rufin ya kwanta a fuskata, ɗaya hannun rungume da jakar barcin da ta riga ta sha ruwa ta yi nauyi. Haƙorana suna kaɗawa, wayata ba sabis, hanyar mota mafi kusa kuwa tafiyar rabin yini ce. Abin da ya fi tsorata ni shi ne lokacin da na so in zuge zif ɗin ƙofa in duba turakun waje, yatsuna suka kasa kama kansa, na yi ta ƙoƙari suna zamewa. A nan na gane cewa abin ya wuce rashin jin daɗi. Mutumin da ya jiƙe, iska tana kaɗa shi, sanyi yana iya halaka shi ko da ƙanƙara ba ta sauka ba, kuma mai tafiya shi kaɗai ba shi da tantin abokin da zai rarrafa ya shiga. Har yau idan na ji ruwan dare ya fara dukan rufi sai na farka na haska ɗinki.

Da na dawo na aika wa mai sayarwar hotunan karyayyar sandar da yagaggen rufin, amsar da ya ba ni ita ce ni ne ban iya kafawa ba. Na tambaye shi ko rashin iya kafawa ne ya hana a liƙe ɗinkin, sai ya ce ai duk tantuna haka suke. Daga nan ya daina amsa saƙona, kuma bayan 'yan kwanaki na sake ganin tallan nan, da lambar nan, da alkawarin nan, ko harafi ɗaya bai canza ba. Kuɗin bai dame ni kamar wannan ba, domin na san wani zai saya ya tafi da shi inda ya fi nawa nisa. Shi ya sa da na ga giram 900 a tambayarka gabana ya faɗi.

Ba ina cewa tanti mai giram 900 ƙarya ne ba. Akwai su na gaske, har da waɗanda ba su kai haka ba, amma yawancinsu irin waɗanda ake kafawa da sandunan tafiya ne, wato nauyin sandunan yana hannunka ba a cikin jakar ba. Idan ba ka saba tafiya da sanduna ba, rangwamen nauyin ya tafi, tunda sai ka nemo su. Kuma irin wannan tanti ba ya tsayawa da kansa, rayuwarsa gaba ɗaya a kan turaku take, shida ko takwas, saboda haka a kan fako ko dutse ko rairayi mai laushi za ka sha wahala kafin ya miƙe. Wanda ke tsayawa da sandunansa kuwa kana iya ɗaga shi cak ka matsar da shi idan ka ga wurin bai yi ba, abin da na so in yi a daren nan na kasa. Ko wanne ka zaɓa, in dai yana da sandunan kansa, su kasance na alminiyam, kuma ka tabbata akwai ɗan guntun bututun nan da ake zurawa a kan sanda idan ta karye. Nauyinsa bai taka kara ya karya ba, da ina da shi a daren nan da na ɗaure sandar na samu hannuna.

Game da rufi ɗaya da ka tambaya, abin da ba a faɗa a talla shi ne raɓar ciki. Numfashinka da ɗumin jikinka da danshin ƙasa suna haɗuwa da ƙyalle mai sanyi su koma ruwa, sai ka tashi da safe ka tarar da cikin rufin jagab ko da ba a yi ko yayyafi ba, kuma duk inda jakar barcinka ta goga sai ta jiƙe. A kwari da bakin ruwa abin ya fi tsanani, domin iska mai sanyi da laima can take sauka da dare. Mai rufi biyu ma yana yin raɓar, sai dai a jikin rufin waje take taruwa, ragar ciki ta shiga tsakaninka da ita. Masu amfani da rufi ɗaya da suka ƙware suna barin kafofin iska a buɗe, suna zaɓar tudu, suna kwana da ɗan tsumma a kusa don goge rufin. Ana iya koyon wannan, amma ni ba zan so ka koye shi a tafiyarka ta farko da shi kai kaɗai ba. Wanda nake amfani da shi yanzu mai rufi biyu ne, giram 1,250 da komai da komai, kuma yawancin nagartattu na wannan nau'in tsakanin kilo 1 da kilo 1.5 suke. Idan ka kwatanta da kilo 3 da kake goyo yanzu, ka sauke fiye da rabi ke nan.

Ka nemi lambar jure ruwa, wadda ake rubutawa da milimita, ma'anarta tsawon ruwan da za a iya tsayarwa a kan ƙyallen kafin ya fara naso. Ga rufi, 1,200 zuwa 1,500 yana riƙe ruwa idan aikin mai kyau ne, ko da yake ni na fi samun natsuwa da 2,000 zuwa sama saboda shafen da ake yi wa ƙyallen don hana ruwa shiga yana raguwa da tsufa. Shimfiɗar ƙasa kuwa ina son 3,000 ko fiye, domin gwiwa da gwiwar hannu suna tara nauyin mutum a ɗan ƙaramin wuri su tura ruwa ta cikin zaren, kuma gefenta ya tashi sama kamar baho, kada ɗinkin ya kwanta a ƙasa. Sai dai lambar ko ta kai nawa ba ta da amfani idan ɗinki a buɗe yake. Ka juya rufin ka duba cikinsa da idonka. Idan shafen ciki irin wanda ake rubuta PU ne, za ka ga siririn tef a liƙe a kan kowane layi. Idan kuwa silikon aka shafa ciki da waje, tef ba ya kama shi, sai dai a bi ɗinkin da gam na silikon, kuma wasu kamfanonin mai saye suke bar wa wannan aikin. Ba laifi ba ne idan sun faɗa maka, aikin yamma ɗaya ne, ka bar shi ya bushe kwana guda.

Lambar da ake bin ta da harafin D kaurin zaren ƙyallen take nunawa. Mai 10 ko 15 ba nauyi, amma ƙaya da tsakuwa ba sa raga masa, shi ya sa na fi son shimfiɗa mai 20 zuwa 30, ko in ɗauki wata 'yar shimfiɗa ta ƙarƙashi. Idan za ka yi haka, ka yanke ta ta ɗan gaza faɗin tantin, domin idan ta leƙo waje ruwan da ke gangarowa daga rufi za ta tara ta kai maka ƙarƙashin katifa. Nailan yana shan ruwa ya saki, sai ka kafa shi tamau da yamma ka ga ya yi laƙwas cikin dare, saboda haka ka sake jan igiyoyi kafin ka kwanta. Foliyesta ba ya saki sosai kuma ya fi jure rana. Akwai wani ƙyalle mai suna Dyneema, wanda ba ya shan ruwa ba ya miƙewa kuma ya fi su duka rashin nauyi, sai dai tsadarsa, ga shi ba ya son gogayya da dutse.

Wani abin da na yi sakaci da shi a karon farko shi ne girma. An rubuta tsawon santimita 210, na ga ya fi tsawona nesa, ban lissafa cewa bangon a karkace yake ba, kuma katifar iska tana ɗaga mutum sama zuwa inda tantin ya fara tsukewa. Sai ga ƙafata tana taɓa ƙyalle ta can, goshina ta nan. Katifu galibi faɗin santimita 51 ne ko 64, tantunan mutum ɗaya da yawa kuwa suna ƙuntata ta wajen ƙafa har mai faɗin ba ta shiga. Tsayin tsakiya ya kai santimita 95 zuwa 100 domin ka iya zama ka canza riga ba tare da kanka ya share raɓar rufi ba. Ka nemi mai ƙofa ta gefe, da ɗan shirayin da zai ɗauki jaka da takalma, don kada ka kwana da jiƙaƙƙen kaya a jikinka. Kuma don Allah, duk yadda ruwa ya tsare ka, kada ka kunna risho a cikin tanti a rufe. Iskar gubar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, ƙyallen nan kuma nan take yake narkewa idan wuta ta taɓa shi.

Idan ya iso hannunka, kada ka fita da shi sai ka kafa shi sau uku ko huɗu a fili, sau ɗaya a cikinsu da dare da tocila, ka kuma sa wani ya feshe shi da tiyo na ɗan lokaci kana kwance a ciki kana kallon ɗinki da kusurwoyi. A nan za ka gane ko yana cikin waɗanda ake iya fara kafa rufin waje kafin na ciki, abin da ke hana ɗakin kwananka jiƙewa idan ruwa ya riske ka kana tsakar aiki. Bayan kowace tafiya ka shanya shi ya bushe ƙayau kafin ka ajiye, domin idan aka naɗe shi da danshi fumfuna yake yi, shafen PU ya koma danƙo yana wari yana ɓarewa.

Kafin ka biya ko sisi, ka ce wa mai wannan na giram 900 ya ɗora shi a sikeli da sanduna da turaku da jakarsa ya ɗauko maka hoto, ya kuma juya rufin ya nuna maka ɗinkin ta ciki. Idan ya fara kewaye-kewaye, ka rabu da shi. Sannan ka dawo ka faɗa mana tsawonka da faɗin katifarka, da ko kana tafiya da sanduna, in auna maka cikin tantina daga bango zuwa bango a daidai tsayin da katifa take ajiye mutum.