Na sayi MacBook amma hannuna ya saba da Windows, in sa a canza min ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya ya ƙoƙari. Ni dai tsohuwar laftof ɗina ce ta mutu bayan shekara shida ina fama da ita, sai na tara kuɗi na sayi sabuwar MacBook Air mai M2 saboda an ce batirinta na daɗewa, to wallahi yau sati biyu kenan kamar ban taɓa riƙe kwamfuta ba. Kwafi ma ya gagare ni, eksitanal ɗina, wato ma'ajiyar fayil ta waje, da duk aikin digirina na biyu ke ciki yana buɗewa amma ya ƙi karɓar sabon fayil, ga ƙ da ɗ da ɓ ban san inda zan samo su ba alhali Hausa nake rubutawa. Wani yaro mai gyara ya ce in kawo dubu goma ya goge komai ya zuba min Windows. In kai masa? Daga wata ɗaliba, Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Riƙe dubu gomarki tukunna, ko dai yaron bai san irin injin da ke hannunki ba ko kuma ya sani yana son kuɗin kati ne. Da can gaskiya ne ana sa Windows a kan Mac ta wata hanya da ake kira Boot Camp, amma wannan sai Mac mai injin Intel, kuma tun Nuwamban 2020 da Apple suka fito da nasu injin M1 aka fara rufe waccan ƙofa, M2 ɗinki ba ta da Boot Camp sam. Abin da ya rage shi ne a kunna Windows 11 a cikin macOS, wato tsarin da Mac ke aiki da shi, kamar baƙo a ɗakin wani, da manhaja irin su Parallels wadda ake biya, ko UTM da take kyauta. Yana aiki, sai dai in taki mai RAM 8GB ce, wato ƙwaƙwalwar aikinta, za ki ji ta tana nishi don su biyun ke rabon abinci ɗaya.

Tambayar da ni zan yi miki ita ce, wace manhaja ce in babu ita aikinki ya tsaya? Word da Excel da PowerPoint duk akwai na Mac, SPSS ma akwai, Chrome da Zoom da WhatsApp ba a magana. Waɗanda babu su ne irin su Microsoft Access, ArcGIS Pro na masu taswira, Revit da SolidWorks na injiniyoyi. In ba kya cikin masu waɗannan to ba Windows kike buƙata ba, hannunki ne kawai bai saba ba tukun.

Yanzu eksitanal ɗin, a nan nake so ki nutsu don nan ne mutane ke kuka. Lafiyarsa ƙalau. Windows ce ta tsara shi da wani tsari da ake kira NTFS, ita kuma Mac tana iya karanta NTFS amma ba ta rubutu a kansa, shi ya sa kike ganin fayilolinki amma in kin ja sabo sai ya ƙi zama. Maganin shi ne a mayar da shi exFAT wanda su biyun ke ganewa, amma don Allah don Annabi kar ki taɓa Erase a Disk Utility, manhajar Mac da ake wannan fomatin da ita, sai kin kwashe komai kin zuba a kan Mac ɗin, kin kuma ajiye kwafi na biyu a wani wuri, kin buɗe babi-babi kin tabbatar suna nan. Fomatin share komai yake yi tas. Na taɓa zama da wani bawan Allah da ya yi wannan gaggawar ana saura kwana tara ya miƙa aikinsa, yana ta danna eksitanal ɗin yana fitowa wayam, gumi na zuba masa alhali a gaban fanka muke, ƙarshe daga tsofaffin imel da ya tura wa malaminsa muka tsinto babi uku, sauran sai da ya sake bugawa.

Maganar kwafi kuwa mai sauƙi ce, yawancin abin da kika saba yi da Ctrl yanzu Command ne, maɓallin da ke maƙwabtaka da dogon nan na tazara. Command da C kwafi, Command da V liƙawa, Command da Z dawo da abin da kika ɓata. Jan ɗigon nan na saman hagu taga kawai yake rufewa, manhajar na nan tana aiki a ɓoye, in kina so ta tafi gaba ɗaya Command da Q. Danna dama kuma yatsu biyu za ki sa a kan faifan nan da kike shafawa a madadin mouse. Duk fayil mai ƙarewa da .exe da wani zai turo miki ki manta da shi, ba ya tashi a Mac, na Mac yawanci .dmg ne.

Haruffa masu ƙugiya, wannan ni ma ya ba ni haushi da farko. Ki shiga System Settings, Keyboard, wajen Input Sources ki ƙara wanda ake kira ABC Extended. In kin koma kansa sai ki danna Option da Shift da ɗigo tare, ki saki, ki danna k, ƙ za ta fito, haka d da b. Yana da ɗan tsawo ba ƙarya, in ya ishe ki akwai Keyman kyauta ce kuma tana da na Mac.

Abu ɗaya da masu shago ba sa faɗa wa mutum lokacin ciniki, kuma ni ina ganin rashin kirki ne, MacBook Air ba ta da ramin fulash irin wanda muka saba kuma ba ta da HDMI, ƙananan ramukan USB-C biyu ne. Ki nemi adafta mai haɗa fulash da HDMI tun yanzu, ki gwada ta da furojekta kafin ranar difens, ranar kare aikinki a gaban malamai, kar sai malamai sun zauna ki fara yawon aron waya. Sannan in da hospot ɗin wayarki kike hawa intanet ki kashe sabuntawa ta kai-tsaye a Software Update, don sabon macOS guda ɗaya sai ya lashe giga goma ko fiye kina barci.

Ki ƙara mata sati uku kina aiki da ita kullum. In bayan nan sashenku ya dage sai wata manhajar Windows, ki fara gwada UTM, in abin ya yi nauyi ki sayar da ita tun tana sabuwa da kwalinta da risit, Mac ba ta saurin faɗuwa a kasuwa, ki ɗauko mai Windows 11, ba 10 ba, don Microsoft sun daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025.