Tambaya da Amsa: Ɗan Wasa a Gaban Tarkon 'Yan Jarida

Wasiƙun da suka zo wa teburin wasanni a wannan karon sun fi karkata ga abu guda: yadda ɗan wasa zai yi idan ya je babbar gasa a waje, aka jefo masa tambayar da ke ɗauke da zargi, ko aka yi wa ƙasarsa kuɗin goro. Mun zaɓi shida.

Daga wani mai horar da yara ƙwallo a Kano: Ina ganin ana tare 'yan wasa da tambayoyi tun gumi bai bushe ba. Dole ne su amsa, ko suna iya wucewa abinsu?

Malam, ya danganta da inda aka tare su. A gasar Olamfik da ta guje-guje ta duniya, hanyar fita daga fili ɗaya ce: wani lungu mai lanƙwasa da aka shata da shinge, 'yan jarida na jere a ɗaya ɓangaren. Gidajen talabijin da suka sayi izinin nuna gasar su ne a farko, masu rubutu a jarida su ne a ƙarshe. Dole ɗan wasa ya bi ta lungun, amma ba dole ya tsaya ya yi magana ba.

Taron manema labarai kuwa wajibi ne. A gasar cin kofin duniya ta 2022 a Katar, doka ta ce koci da ɗan wasa ɗaya su zauna gaban 'yan jarida ana gobe wasa. Kocin Jamus, Hansi Flick, ya zo shi kaɗai kafin karawarsu da Sifaniya, FIFA ta ci hukumar ƙwallon Jamus tarar kuɗin Suwizalan 10,000. Naomi Osaka ma da ta ƙi zama a babbar gasar tanis ta Faransa a 2021, dala 15,000 aka ci ta, daga baya ta janye daga gasar gaba ɗaya.

Suɓutar baki ta fi faruwa a ƙarshen lungun nan. Kafin ɗan wasa ya kai can ya maimaita amsa ɗaya har ta gundure shi, ƙishirwa ta kama shi, su kuma masu rubutu ba sa gaggawa, suna da lokacin bin diddigi. Don haka ka koya wa yaranka su sha ruwa su saka riga kafin su shiga, su kuma shirya da jami'in yaɗa labarai na tawaga wurare biyu ko uku da za su tsaya, da alamar da za su yi masa idan suna son ya ce lokaci ya cika.

Daga wata ɗalibar aikin jarida a Zariya: Yaya ake gane tambayar tarko? Kuma ba rainin wayo ba ne ɗan wasa ya riƙa zille wa tambaya?

Malama, tambayar tarko ita ce wadda aka cusa hukunci a cikinta tun kafin a kai ga alamar tambaya. "Tunda an san 'yan ƙasarku da kaza, kai yaya ka tsira?" Duk amsar da ka bayar ba tare da ka taɓa rabin farko ba, ka amince da shi ke nan. Wata kuma takan zo da sunan abokin hamayya, "wane ya ce kaza a kanku", alhali ɗan wasan bai ji da kunnensa ba. Ita wannan amsarta gajeriya ce: ban ji ba, ba zan yi magana a kan abin da ban ji ba.

Dubi abin da ya faru ranar 28 ga Nuwamban 2022, ana gobe Amurka za ta kara da Iran a gasar cin kofin duniya ta Katar. Wani ɗan jaridar Iran ya fara da yi wa kyaftin ɗin Amurka, Tyler Adams, gyara a kan yadda yake furta sunan ƙasar, sannan ya tambaye shi ko yana jin daɗin wakiltar ƙasar da ake nuna wa baƙaƙen fata wariya. Adams, wanda baƙar fata ne mai shekara 23 a lokacin, ya raba tambayar gida biyu. Ya nemi afuwa a kan furucin, domin gyaran gaskiya ne kuma karɓarsa ba ta rage shi da komai. A kan wariya bai musa cewa akwai ta ba. Ya ce ana samunta ko'ina, ya kawo labarin tashinsa a gidan fararen fata, ya ce abin da ya fi muhimmanci shi ne a ga ana samun ci gaba. Bai mayar da martani a kan gwamnatin Iran ba, kuma a nan ne maganar ta mutu.

Matakan da ake koyarwa ba su wuce waɗannan ba. Ka yi shiru na daƙiƙa biyu ko uku; a wurinka zai yi tsawo, a talabijin ba a ko lura. Ka ware abin da yake gaskiya a cikin tambayar ka karɓe shi. Ka amsa da abin da ka sani game da kanka, ba da yawun mutum miliyan ɗari biyu ba. Ka tsaya kafin rabin minti, domin abin da ya wuce haka za a datse shi ne, kuma ba kai za ka zaɓi inda za a datse ba. Sannan kada ka maimaita kalmar zargin ko da don ka musa ta. Wanda ya ce "ni ba mayaudari ba ne" ya rubuta wa edita kanun labari da hannunsa.

Ramuwa ma takan juyo kan mai ita. A gasar dai, kocin Iran, Carlos Queiroz, ya tare wata wakiliyar BBC bayan ta tambayi ɗan wasan Iran Mehdi Taremi batun zanga-zangar da ake yi a ƙasarsu, yana cewa me ya sa ba a tambayar kocin Ingila batun Afganistan. Ƙorafinsa na da tushe, amma bidiyon cacar bakin ne ya zagaya duniya, batun da yake so a bari ya ƙara samun kwanaki.

Batun zillewa kuwa, muna tare da ke rabi. Eileen Gu, wadda aka haifa a Amurka ta yi wa Sin wasan ƙanƙara a Beijin a 2022, an yi ta tambayarta fasfon wace ƙasa take riƙe da shi, ta yi ta kewayewa. Ba a kama ta da katoɓara ba, amma tambayar ba ta daina bin ta ba. "Wannan ba zan amsa ba" a fili ta fi kewaye-kewaye mutunci, ta kuma fi saurin rufe ƙofa.

Daga wani mai karatu a Kaduna: Duk sanda ɗan Najeriya ya yi bajinta sai a ce ƙwaya ce ko an rage shekaru. Me ya kamata ya ce?

Ɗan'uwa, abu na farko shi ne kada ya ce ƙarya ake yi mana gaba ɗaya, domin ɗan jaridar ya zo da tarihi a aljihunsa. A 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya daga gasannin matasa na shekara biyu saboda saɓanin ranakun haihuwar wasu 'yan wasa, ta kuma ƙwace mata karɓar baƙuncin gasar matasa ta 1991. Tun daga gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2009, wadda aka buga wasanninta har a Kano da Kaduna da Bauci, ake ɗaukar hoton wuyan hannu da na'urar MRI. Hoton ba ya faɗin shekarun mutum. Yana nuna ko ƙashin ya gama haɗewa ne, a mataki shida, kuma wanda ya kai na shida ba ya buga gasar. Yaron da aka yi wa gwajin ya ci yana da amsa a hannu: an gwada ni a wuri kaza, na ci, hukuma na da takardar. Bai kamata ya rantse a kan abokan wasansa ba, balle waɗanda suka buga shekara talatin da suka wuce.

Haka batun ƙwayoyi masu ƙara kuzari. A Yulin 2022 a Eugene ta Amurka, 'yar Najeriya Tobi Amusan ta yi tseren tsallake shinge na mita 100 a daƙiƙa 12.12, ta karya tarihin 12.20 da Kendra Harrison ta kafa a 2016. Nan take tsohon zakaran Amurka Michael Johnson ya nuna shakku a kan agogon, wasu suka koma kan takalminta. Ita dai ta ce ba takalmi ne ya yi gudun ba, ta bayyana cewa ciwon tafin ƙafa ne ya sa ta zaɓi mai taushin ƙasa, wanda doka ta yarda da shi. A wasan ƙarshe ta yi 12.06, amma ba a ƙirga shi tarihi ba saboda iska ta wuce mita 2 a daƙiƙa. A 2023 an tuhume ta da kuskuren gwaji uku cikin wata 12, wato saɓa dokar da ta wajabta wa manyan 'yan wasa su faɗi inda za a same su na awa ɗaya kowace rana. Kwamitin shari'a ya wanke ta, kotun wasanni ta duniya ta tabbatar a 2024. Irin wannan lokacin, magana ta lauya ce, ɗan wasa ya ce batun na gaban shari'a ya ja bakinsa.

Kuma ba mu kaɗai ake yi wa ba. Ye Shiwen ta Sin tana da shekara 16 ta kafa tarihin ninkaya a Landan a 2012, aka yi ta zarginta ba tare da ta faɗi gwaji ba. Pan Zhanle ya sha irin haka a Paris a 2024 bayan ya yi mita 100 a daƙiƙa 46.40, domin a watan Afrilun shekarar labari ya fito cewa an samu haramtaccen magani a jikin 'yan ninkayar Sin 23 a 2021 ba a dakatar da su ba. Abin da ɗan wasa zai riƙe a ka kafin ya tafi gasa shi ne adadin gwajin da aka yi masa a shekarar, da hukumar da ta yi, da jerin lokutansa na baya da ke nuna ba dare ɗaya ya kai nan ba.

Daga wata uwa a Katsina: Ɗana na wasa a waje. Idan gasa ta faɗo cikin azumi sai su dame shi da tambayar ko yana yi.

Hajiya, tambayar kaifi biyu gare ta. In ya ce yana azumi aka sha kashi, an samu abin ɗora wa laifi. In ya ce ya ajiye saboda tafiya, mutanen gida su taso masa a Facebook. A 2014, ana shirin wasan Aljeriya da Jamus a farkon Ramadan, kocinsu Vahid Halilhodzic ya ce wannan sha'anin mutum ne da kansa, ya yi barazanar ficewa idan aka sake tambaya. Matsayin daidai ne, fushin ne bai zama dole ba. Abin da ya kamata ɗanki ya ce shi ne tsakaninsa da Ubangijinsa ne, likitan ƙungiya ya san tsarin cinsa da shansa, kuma a shirye yake ya buga. Kada ya shiga ba da fatawa.

Daga wani malamin motsa jiki a Maraɗi: Mu matsalarmu ba zargi ba ne, raini ne. Ko a yi mana dariya, ko a ce ƙarfi kawai gare mu.

Gaskiyarka, Malam. Hamadou Djibo Issaka ya wakilci Nijar a tseren kwale-kwale a Landan a 2012 bayan atisayen wata uku kacal, ya zo na ƙarshe, jaridun Ingila suka laƙaba masa sunan tsokana. Bayan shekara huɗu Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciyo wa Nijar azurfa a takwando a Riyo, a 2017 ya zama zakaran duniya. Wanda aka tambaya da sigar tausayi ya amsa da alƙaluma: yaushe ya fara, sau nawa yake atisaye a mako, da wane kaya, lokacin da ya yi bara da na bana.

Batun ƙarfi kuwa an auna shi. Wani bincike da aka fitar a 2020 tare da ƙungiyar ƙwararrun 'yan ƙwallon Ingila ya bi sharhin wasanni 80 a manyan gasannin Turai huɗu, ya gano sama da kashi 62 cikin ɗari na yabon basira masu hasken fata ake yi wa, yayin da maganar ƙarfin jiki ta fi faɗawa kan masu duhun fata fiye da ninki shida. Maganinsa a bakin ɗan wasa yake. In an ce ƙarfinku ne ya ba ku nasara, ya ce mun lura ɗan bayansu na hagu yana yawan hawa, shi ya sa muka riƙa jefa ƙwallo bayansa. Ya yi magana da harshen da ya fi iyawa, a gajerun jimloli. In da tafinta, ya ajiye karin magana da habaici a gida, domin a hanyar fassara suke juyewa su zama zagi.

Daga wani mai karatu a Kumasi: Idan aka tambaye shi rikicin siyasar ƙasarsa fa?

Doka ta 50 ta kundin Olamfik ta hana nuna alamar siyasa a kan dandamalin karɓar lamba da lokacin wasa da bukukuwan buɗewa da rufewa. Amma an yarda ɗan wasa ya faɗi ra'ayinsa a gaban 'yan jarida da shafukansa. Ke nan hukumar gasa ba za ta hukunta shi ba, amma ba ta da iko da abin da zai tarar a gida. Kyaftin ɗin Iran, Ehsan Hajsafi, ya buɗe taronsa a Katar da ta'aziyya ga iyalan da suka yi rashi a zanga-zangar ƙasarsu, ya ce jama'arsu ba sa cikin jin daɗi, bai ambaci sunan kowa ba. Feyisa Lilesa na Habasha ya gicciye hannuwansa a ƙarshen gudun fanfalaki a Riyo a 2016 don nuna goyon baya ga 'yan Oromo, bai koma gida ba sai 2018.

Shawarar yin magana ko yin shiru tun kafin a hau jirgi ake yanke ta, tare da iyali, domin su ne za su kwana a ƙasar. In zai yi, ya rubuta jimla biyu ya haddace, ya maimaita su ko sau nawa aka juya tambayar. Jami'in tawaga kuma ya naɗi kowace hira a wayarsa daga farko har ƙarshe, saboda in an yanko daƙiƙa goma aka yaɗa, a saki cikakkiyar kafin awa ta zagayo.